Turanci a baki, Hausa a jiki: amsa ga wata nas a Ingila

Tambaya: Malama, ni nas ce, wata bakwai ke nan da fara aikina a wani asibiti a arewacin Ingila. Na ci jarrabawar Turancin da ake buƙata kafin a yi mini rajista, kuma a gida ba wanda ya taɓa raina Turancina. Amma shugabar sashenmu ta kira ni ta ce wasu majinyata suna ƙorafin ina yi musu magana kamar mai ba da umarni, kuma ba na kallon mutum idan yana magana. Wallahi ni ladabi nake yi. A wani horo da aka yi mana an ce kashi 93 cikin ɗari na magana ba a baki yake ba, a jiki yake. Gaskiya ne? In haka ne, me zan gyara?

Amsa: Ƙanwata, sannu da aiki, sannu kuma da fama da sanyi. Na yarda ladabi kike yi. Matsalar ita ce ladabin da Hausa kike yin sa, alhali maganar da Turanci take fita, su kuwa masu sauraronki suna karanta duka biyun da Turanci. Na yi shekaru ina koyar da furucin Turanci, kuma kafin nan na yi zaman karatu a ƙasar da kike, don haka abin da ya same ki ba baƙo ba ne a wurina.

Bari in fara sauke miki kashi 93 ɗin nan, don kaya ne aka ɗora miki ba gaira ba dalili. Asalinsa wani masanin halayyar ɗan'adam ne mai suna Albert Mehrabian, na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles. A 1967 shi da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon wasu ƙananan gwaje-gwaje guda biyu. A na farko an naɗi kalmomi tara, kowace ita kaɗai, ana faɗinta da muryar so, ko ta ƙi, ko ta ba-ruwana. A na biyu kalma ɗaya tak aka yi amfani da ita, wato "maybe", aka haɗa sautinta da hotunan fuska. Abin da aka tambayi masu sauraro shi ne, mai maganar nan son wanda take yi wa magana take yi ko ƙinsa? Daga nan aka haɗa lissafi aka ce kalma ta ɗauki kashi 7, murya 38, fuska 55. Ki tara 38 da 55, ga 93 ɗinki. Shi kansa Mehrabian ya sha jan kunnen mutane cewa lissafin bai shafi kowace irin magana ba, sai inda mutum ke bayyana abin da ke ransa na so ko ƙi. Masu horar da ma'aikata dai sun riga sun ga lamba mai daɗin faɗi, ba su sake ta ba har yau. In kina son gwaji, gobe da safe wajen miƙa aiki ki yi ƙoƙarin gaya wa mai karɓarki maganin da aka ba majinyacin gado na shida, da yawansa, da lokacinsa, da gira da kafaɗa kawai.

Gaskiyar da ke cikin binciken ba ta wuce abin da kakanninmu suka riga suka faɗa ba, cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Idan baki ya ce ɗaya, murya da fuska suka ce wani, mutane fuska da murya suke gaskatawa. Wannan kuwa ya shafe ki kai tsaye, domin majinyacin da ke kwance ba nahawunki yake aunawa ba. Tambayar da ke ransa ita ce, matar nan ta damu da ni ko kuwa na ishe ta?

Inda na fi so ki tsaya ki duba da kyau shi ne murya, don a nan ne Bahaushe ya fi faɗawa rami bai sani ba. A Hausa hawa da saukar murya an riga an ba su babban aiki, su ne ke raba kalma da kalma. Da su ake gane wuyan da ke ɗauke da kai da wuyar da ake sha, da su ake raba kukan yaro da kukar miya. Saboda haka sai harshen ya tanadi wasu 'yan ƙananan kalmomi da ke ɗaukar nauyin abin da ke zuciya. Ki saurari kanki: zan zo, zan dai zo, zan fa zo, ai zan zo, ni kam zan zo, zan zo mana. Zuwa ɗaya ne, amma zuciya shida. Turanci ba shi da wannan arzikin. Abin da muke yi da dai da fa da kam da mana, Bature da muryarsa yake yi. Ba wai mu ba ma wasa da murya ba ne, muna yi, amma shi kusan duk ƙwansa a kwandon nan ya zuba.

Ga misali daga aikinki. Bahaushiya za ta ce ita ce ta yi masa allurar, ko shi ta yi wa allurar, ko allurar ce ta yi masa, ko ai ta yi masa allurar. Mun jujjuya jimlar, mun sa ne da ce, kowa ya gane inda aka dosa. Baturiya kalmomi biyar za ta riƙe ba ta motsa ko ɗaya ba: "She gave him the injection." Idan ta danna "she", ita ce ta yi ba wata ba. Idan ta danna "him", shi aka yi wa ba na kusa da shi ba. Idan ta danna "gave", musu take yi da wanda ya ce ba a yi ba. Dannawar nan abu uku ce a haɗe: gaɓar ta ɗan yi tsawo, ta ɗan yi ƙarfi, murya kuma ta motsa a kanta. Sauran gaɓoɓin sai a murƙushe su a wuce da sauri. Mu kuwa mun saba ba kowace gaɓa haƙƙinta, don haka idan muka yi Turanci sai kunnen Bature ya ji kamar kowace kalma an danna ta. A wurinsa wanda ke danna kowace kalma mutum ne da ransa ya ɓaci.

Sai abu na biyu. Jimlar Hausa saukowa take yi kamar mai sauka daga bene, kowane sauti na sama yana ɗan ƙasa da wanda ya gabace shi, har a dire. Mu wannan ita ce magana ta yau da kullum, ba fushi ba gadara. A Turanci kuwa gajeriyar jimla da ta faro ƙasa ta dire ƙasa tana nufin magana ta ƙare, ba neman shawara. "Sit down." "Give me your arm." Ke a zuciyarki cewa kike, Baba, kawo hannun in gani. Amma "Baba" ɗin da ke tausasa maganar ya faɗi a hanya, gaisuwar da ta share fage ita ma ta faɗi, sai umarnin tsirara ya isa kunnensa.

Akwai wani labari da duk mai nazarin wannan fanni ya sani. John Gumperz, masanin harshe na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya ba da shi a 1982. A kantin abincin ma'aikata na wani babban filin jirgin sama a Birtaniya an ɗauki wasu mata 'yan Indiya da Fakistan aikin zuba abinci. Ba a jima ba sai shugabanninsu da masu lodin kaya da ke cin abinci a wurin suka fara cewa matan ba su da fara'a, ba su da haɗin kai. Matan kuma suka ce wariya ake nuna musu. Da aka naɗi maganganun wurin aka saurara, sai aka tarar kusan ba a ma yin wata doguwar magana. Idan mutum ya zaɓi nama, sai a tambaye shi ko yana son romon nan mai kauri da suke kwarara wa nama, wanda suke kira "gravy". Matan Ingila kalmar kaɗai suke faɗi, murya na hawa a ƙarshe, ma'ana a zuba maka? Matan Indiya da Fakistan su ma kalmar kaɗai suke faɗi, amma murya na sauka, wanda a kunnen ɗan Ingila ya zama ga romo nan, ka so ka ƙi. Da aka fara kunna musu, matan cewa suka yi ai abu ɗaya muke faɗi. Sai da aka maimaita aka nuna musu sannan kunnensu ya kama. Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne an zaunar da shugabannin su ma, suka koyi cewa saukar muryar nan ita ce hanyar tambaya a wurin matan, ba raini ba ce.

Kada ki ɗauka "please" za ta fisshe ki. Ɗalibaina da yawa sun ɗauke ta kamar don Allah, a liƙa ta a gaba magana ta yi laushi. Idan kika sa ta a farko kika danna ta, "PLEASE sit down", abin da ɗan Ingila zai ji shi ne, na gaji da kai, zauna mana. Ki kasa kunne ga abokan aikinki 'yan ƙasar. Za ki ji suna cewa "Could you just pop your arm out for me?" Ki lura da kayan da aka jibga wa jimlar: an mai da ita tambaya, an sa "just" don a ƙanƙanta abin, an sa "pop" don a nuna ba wani aiki ba ne, an ƙare da "for me" kamar alfarma ake roƙo, murya kuma ta faro sama ta ɗan ɗaga a ƙarshe. Kafin su soka allura sai su ce "sharp scratch". Wannan duk shi ne nasu "sannu Baba, yi haƙuri, yanzu za a gama".

Tunda na ambaci sannu, ki yi hattara da ita. Mun saba fassara ta da "sorry", sai mutum ya yi tuntuɓe mu ce "sorry", shi kuma ya juyo da mamaki ya ce ai ba laifinki ba ne. A wurinsu kalmar ta fi karkata ga neman gafara, sai in an ƙara mata wani abu kamar "sorry to hear that". Kuma ita kanta murya ce ke juya ta. Idan ta hau, ana nufin ban ji ba, maimaita. Idan ta sauka a hankali, ban haƙuri ne. Idan aka ja ta aka haɗa da ɗaga gira, to faɗa ne ke tafe.

Akwai wani karin murya da nake so ki koyi ji ko da ba ki koyi yi ba, don lafiyar majinyatanki na rataye da shi. Murya ce da ke sauka sannan ta ɗan ɗago a ƙarshe, kamar an bar ƙofa a buɗe. Ma'anarta akwai "amma" da ba a faɗa ba. Ki tambayi tsohuwa ya jiki ta ce "I'm all right" da wannan karin, to ba lafiya ba. Tsofaffin Ingila gwanaye ne wajen rage ciwo a baki. Za ki ji "not too bad", ko "a bit sore", ko "mustn't grumble", alhali mutum ya damƙe ƙarfen gado har yatsunsa sun yi fari. A nan ke kin fi su Turawan shiri, don kin fito daga inda mai jinya ko yana kan gargara cewa zai yi da sauƙi. Kin san ba a tsayawa a kan "da sauƙi", ana duba goshi, da numfashi, da yadda mutum ya kwanta. Wannan idon ki taho da shi yadda yake.

Ni wannan karin ya taɓa kayar da ni. Na kai wa malamin da ke duba aikina babi guda, ya karanta, ya cire tabarau, ya ce "It's interesting", muryar ta sauka ta ɗago. Na koma ɗaki ina murna har na yi wa gida waya. Sai da wata 'yar ajinmu ta ji labarin ta tambaye ni yadda ya faɗe ta, na kwaikwaya mata, ta dafa kafaɗata ta ce in je in sake rubutawa.

Wani wuri kuma da danna gaɓa ya wuce maganar ladabi ya zama maganar rai shi ne lambobi. "Fifteen" da "fifty" a ka'ida nauyinsu ya bambanta, ta farko a ƙarshe, ta biyu a farko. Amma idan wata kalma ta biyo baya, kamar a ce "fifteen milligrams", nauyin ta farkon kan gudo gaba, sai su yi kama ƙwarai, balle a waya. Kada ki dogara da kunne. Ki ce "fifteen, one five", ki kuma sa a maimaita miki.

To, mu zo ga ido. Ke da ni an rene mu a kan cewa yaron da ke zuba wa babba ido mai tsaurin ido ne, mara kunya. Idan ana yi miki faɗa ko nasiha, ki sunkuyar da kai, ki yi shiru, shi ne alamar maganar ta shiga. A hirar Turawan Ingila ido wani aiki yake yi daban, shi ne ɗan sandan da ke ba da hannu. Adam Kendon ya ɗauki hirarrakin mutane a fim a Oxford ya fitar da sakamakon a 1967, ya nuna cewa mai sauraro ya fi mai magana kallo. Mai magana kan kau da ido idan ya fara, yana harhaɗa abin da zai ce, sai ya dawo da idonsa kan abokin hirarsa idan ya kusa direwa, kamar ya ce na gama, karɓi, ko kuwa kana tare da ni? A daidai wannan gaɓar yake jiran ya tarar da idonki, da ɗan gyaɗa kai, da "mm" ko "right".

Yanzu ki dubi abin da ya faru a ofishin shugabarku. Tana magana, ta kai gaɓa, ta ɗago ta neme ki, ta tarar kina kallon takalminki. A lissafinta saƙo bai isa ba. Sai ta maimaita. Ta sake dubawa, har yanzu kanki na ƙasa, don ke a lokacin ma kike ƙara ladabi. Sai ta rage gudu, ta sauƙaƙa kalmomi kamar mai yi wa yaro bayani. Ke kuma ranki ya fara ɓaci, kina cewa matar nan ta ɗauka ban iya Turanci ba ne? Kowa ya fita da mummunan zato, kuma ba wanda ya yi niyyar cin fuska. Frederick Erickson ya ga irin wannan sak a kwalejojin Amurka a shekarun 1970, tsakanin farar fata masu ba ɗalibai shawara da ɗalibai baƙar fata. Idan mai ba da shawara bai ga alamar sauraron da ya saba da ita ba, sai ya yi ta nanata bayani, ɗalibin kuma ya ji ana raina masa hankali.

Ba ƙura ido ake nema ba, wannan su ma yana firgita su. A wani gwaji da aka yi da masu ziyara kusan ɗari biyar a gidan adana kayan kimiyya na Landan, wanda aka buga a 2016, tsawon haɗa idon da mutane suka fi sakewa da shi ya tsaya a kan daƙiƙa uku da 'yan kai. Ki kalla, ki gyaɗa, ki kau da ido gefe ko kan takardar da ke hannunki, ki dawo. Gefe ya fi ƙasa, domin kallon ƙasa suna karanta shi a matsayin jin kunyar laifi ko ɓoye wani abu. Na san akwai maganar maza da kame ido, kuma ba zan ce ki ajiye tarbiyyarki a filin jirgi ba. Ki kalli tsakanin gira ko karan hanci, daga nisan taku biyu ba mai bambancewa. In an miƙo hannu kuma ba kya musabaha da maza, ki dafa ƙirji ki yi murmushi ki gaisa da baki nan take, kafin hannun ya gaji da jira.

Zancen cewa mai kau da ido maƙaryaci ne kuwa camfi ne, ko da yake camfi ne mai ƙarfi a can. Charles Bond da Bella DePaulo sun tattara gwaje-gwaje sama da ɗari biyu a 2006, suka tarar mutane na gane ƙarya da gaskiya daidai a kashi 54 cikin ɗari ne kawai, wato da kaɗan suka fi mai jefa kwabo. Sai dai majinyacinki bai karanta wannan ba.

Shiru ma magana ne, kuma agogonsa a Turanci gajere ne. Wani bincike da Tanya Stivers da abokan aikinta suka buga a 2009 ya auna tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa a harsuna goma, aka tarar matsakaicinta wajen kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ne. Idan shiru ya kai daƙiƙa guda bayan tambaya, ɗan Ingila ya fara zargin amsar a'a ce, ko akwai matsala. Ke kuwa wataƙila lissafi kike yi, ko kina juya maganar daga Hausa, ko kina ba babba girmansa kada ki tari numfashinsa. Ki toshe ramin da ɗan wani abu: "well", ko "let me see", ko "let me just check that". Haka idan ana yi miki dogon bayani, kada ki adana "to" ɗinki sai ƙarshe. Mu ma ai muna da su, na'am, haka ne, ƙwarai, Allah sarki, ikon Allah, sai dai mukan kulle su a gaban na gaba da mu. Ki sake su da Turanci. Amma ki kula da "okay" guda ɗaya busasshiya mai faɗuwa ƙasa, wadda muke fassara "to" da ita. Tana fita kamar ta yaron da aka aika ba ya so. Kuma idan an kira sunanki, "yes" mai sauka ba ta yi daidai da na'am ba, ta fi kama da mene ne kuma?

Fuska ba sai na tsawaita ba, mu ne muka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Abin lura kawai shi ne ɗan murmushin nan nasu na leɓe a rufe, wanda ake yi wa kowa a baranda, gaisuwa ce ba ƙauna ba, kuma rashinsa ana jin sa kamar yadda muke jin wanda ya wuce bai yi sallama ba. Sannan ki riƙa fuskantar tsofaffi idan kina magana. Tun 1976 Harry McGurk da John MacDonald suka nuna cewa ido na taya kunne ji: an sa wa mutane sautin "ba" a kan hoton leɓen da ke furta "ga", da yawansu suka ce "da" suka ji. Duk wanda ya yi aiki da takunkumin fuska a 2020 ya ga zahiri. Tsohon da kunnensa ya yi nauyi, kuma bai saba da karin harshenki ba, rabin jinsa a leɓenki yake. In kika yi masa magana kina juya baya kina haɗa allura, zai ce kin yi gunaguni.

Hannu da sauran gaɓoɓi sun fi sauƙi, don ana ganinsu. Tsaki ki bar shi a gida. Ni na taɓa ja wa injin buga takardu tsaki a ofishin da muke mu huɗu, ɗakin ya yi tsit, wata ta ɗauka da ita nake. Sun san shi sarai ta wajen mutanen Karibiyan da na Afirka ta Yamma da ke zaune da su, kuma raini suke ɗaukarsa. Nuni da baki ba sa gane shi, sai su ga kamar kin zumɓura. Yafito irin namu, tafin hannu na kallon ƙasa, yakan yi musu kama da sallama ko kora. Idan za ki nuna biyu da yatsu, tafin hannu ya kalli mutumin, domin in bayan hannu ne ya kalle shi, a Birtaniya zagi ne. Ke ma sai kin yi musu uzuri ta ɗaya ɓangaren. Wanda ya buɗe miki yatsu biyar ba daƙuwa ya yi miki ba, cewa yake dakata ko sannu, ko minti biyar. Wanda ya miƙo miki abu da hagu bai san ya yi komai ba. Game da kusanci, Edward Hall ya auna na Amurkawa a 1966 ya ce abin da ya gaza kamu ɗaya, wajen santimita 45, fili ne na makusanta kaɗai, 'yan Ingila kuwa ba su fi su son a matse su ba. Aikinki kullum a cikin wannan filin yake, shi ya sa ake so ki faɗi abin da za ki yi kafin hannunki ya sauka a jikin mutum.

Kada kuma ki ɗauki duk abin da na faɗa kamar Turanci ɗaya ne a duniya. Ke da kike arewa, in kina wajen Liverpool ko Newcastle, za ki ji mutane na ɗaga murya a ƙarshen magana ba tambaya suke ba, haka ma a Glasgow da Belfast. Za a kira ki "love" a Yorkshire, a kira ki "pet" a Newcastle, ba da wata manufa ba. "You all right?" gaisuwa ce, ba a jiran labarin ciwon bayanki. Malaminki na gaskiya shi ne sashen da kike aiki. Ki zaɓi nas ɗaya 'yar garin wadda majinyata ke so, ki yi sati kina sauraron kiɗan maganarta ba kalmominta ba: ina ta faro, ina ta danna, ina ta dire, yaushe ta ɗago ido.

Ban ce ki canza harshenki ki koma magana ta hanci ba. Karin harshenki naki ne, kuma asibitocin ƙasar cike suke da karin Indiya da Filifin da Najeriya da Zimbabuwe. Ban kuma ce duk ƙorafin da aka kai gaskiya ne ba. Akwai majinyacin da ko da muryar mai karanta labarai a BBC kika yi masa magana, fatarki da ɗankwalinki yake ji. Wannan ba aikin furuci ba ne, ki rubuta abin da ya faru da rana da lokaci, ki kai inda ya dace, ki kuma sanar da ƙungiyarku ta ma'aikata. Amma ki fara raba ɗaya biyu tukuna, don in kin gyara abin da ke gyaruwa, abin da ya rage zai fito fili.

Ki ɗauki jimloli biyar da kika fi faɗi a rana, irin su neman hannu, da ba da magani, da tambayar ciwo. Ki naɗi kanki a waya a ɗakinki, ba a wurin aiki ba, kina faɗinsu yadda kika saba. Sannan ki sake, ki faro da murya sama kaɗan fiye da yadda kike jin ya dace, ki zaɓi kalma ɗaya tak ki danna, ki bar ƙarshen ya ɗan ɗago. Za ki ji kamar kina wasan kwaikwayo, har kunya za ta kama ki. Haka kowa ke ji a satin farko.

Shugabarku kuma ki koma wurinta da kanki, kada ki jira ta sake kira. Ki gaya mata cewa inda kika taso, sunkuyar da kai a gaban babba girmamawa ce, kina koyon tasu hanyar, kuma kina so ta faɗa miki nan take duk ranar da ta ji maganarki ta fita da kaifi, ta maimaita miki jimlar yadda ita za ta faɗe ta. Yayin da kike gaya mata haka, ki kalle ta, ki ƙirga uku a zuci, ki dubi gefe, ki dawo. Bayan wata guda ki rubuto mini yadda kuka ƙare. A gaida mutanen gida in an yi waya.